Kafin mu zagi zamani, mu duba yadda muke aurar da 'ya'yanmu

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku. Duk ranar da ka buɗe Facebook sai ka tarar ana cacar baki kan auren jinsi, wanda Faransa ta halatta a 2013, Amurka kuma a 2015. Matsayinmu a kai ba ɓoyayye ba ne, Farawa 2:24 ta gama magana: namiji ya bar uwa da uba ya manne wa matarsa. Sai dai abin da ke rusa gidajen Kirista a Maradi ba daga can ya taso ba. Tsadar aure ce da rashin shiri.

Saurayi yana kabu-kabu ko tsaron shago a babbar kasuwa, ya ga yarinya cikin mawaƙan majami'a, iyaye sun yarda. Sai a jero masa sadaki, lefe akwati-akwati, farar riga, anko, hayar rumfa da kujeru, mai ɗaukar hoto. Shekara biyu, uku, ana jira. Ranar da ciki ya bayyana, dattawa su sa su ƙarƙashin horo, a hana su jibin Ubangiji, kowa ya ce yaran yanzu sun lalace. Zunubi dai zunubi ne, ban wanke su ba. Amma wa ya tsawaita jiran? Manzo Bulus ya ce gara a yi aure da a ƙuna da sha'awa. Dattawan kowace ikilisiya su zauna da zumuntar mata su yanke iyakar abin da za a nema, a karanta wa jama'a, fasto kuma ya fara da 'yarsa.

Gwajin jini a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba saura mako guda biki ba. Idan su biyun duka jininsu AS ne, wato suna ɗauke da gadon amosanin jini ba tare da suna ciwon ba, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato amosanin jini. In an riga an ɗinka anko, babu mai ƙarfin halin cewa a dakata, shi ya sa ake ɓoye sakamako. A haɗa da gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta.

Koyarwa kafin aure kada ta tsaya kan “mace ta yi biyayya”. Afisawa 5:25 ma tana nan, miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya. A zaunar da su a yi maganar kuɗin cefane, bashi, zama da uwar miji, abin da za su yi in haihuwa ta yi jinkiri, da kuma waya, domin saƙon WhatsApp na tsakar dare ya raba gidaje da dama. In miji yana dukan matarsa kuwa, fasto ya daina ce wa mace ta yi haƙuri kawai. A kira mijin gaban dattawa.

A yi shelar auren Lahadi uku a majami'a. Sannan a je ma'aikatar magajin gari a karɓi takardar aure, don ranar da miji ya rasu ita za a nemi gwauruwar ta nuna wajen fansho da gado, hoton biki ba ya tsaya mata.

Dokar ƙasarmu Nijar ta yarda a aurar da yarinya tun tana da shekara 15. Ikilisiya ba dole ta bi wannan ba. Kada fasto ya ɗaura auren wadda ba ta kai 18 ba, ko da iyayenta ne suka kawo ta da kansu.