Kada filin wasa ya zaɓa wa ɗalibi fannin karatu

A Maraɗi, yaron da ya iya taka leda ko ya iya kokowa, tun yana kwaleji ake daina kiransa da sunan yanka. Unguwa ta laƙaba masa sunan wani gwarzo, shi ma ya ɗauka iyakar abin da yake ke nan. Ranar da ya ci BAK, jarrabawar kammala sakandare, ya je rajista a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, abin da ke ransa ɗaya ne: wane fanni zai bar mini yamma in je atisaye? Sai ka ga mai ƙwaƙwalwar lissafi ya kauce wa kimiyya, ɗan manomi mai son gona ya guji fannin noma, don kawai ayyukan gwaji suna cin lokaci. Wannan asara ce, kuma tana ci mini rai.

Amurka ta riga mu ganin inda hanyar nan take kaiwa. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, da kanta ta ce cikin ɗaliban da ke wasa a jami'o'i, waɗanda ke zama ƙwararrun 'yan wasa ba su kai 2 cikin 100 ba. A 2014 bincike ya bankaɗo cewa a Jami'ar North Carolina an yi shekara 18 ana ba da darussan jeka-na-yi-ka, ɗalibai sama da 3,000 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. Can da akwai kuɗi ke nan. Mu nan fa? 'Yan wasa nawa ne ƙwallon cikin gida ke riƙe wa iyali? Gwiwa ɗaya ta goce, magana ta ƙare.

Ba ina cewa a bar wasa ba ne. Garin da ya haifi Kantu, ɗan kokowar da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba za a koya masa darajar fili ba. Laifin namu ne, manya, da muke tambayar yaro ƙwallo nawa ya ci, ba ma tambayarsa sakamakon jarrabawa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mai horarwa ya riƙa neman takardar sakamako kafin ya ba da riga. Jami'a ta sassauta wa ɗan wasa ranar gwaji idan gasa ta zo, ba tare da rage masa komai a darasi ba. Wanda kuwa zuciyarsa ke kan wasanni da gaske, a nuna masa hanyar INJS, makarantar koyon aikin matasa da wasanni ta Yamai, ya karanci abin ya fito da shaidar malamin wasanni ko mai horarwa.