Ranar da Na Warkar da Tommy Tun Bai Gama Jinya Ba

Tunda wancan bawan Allah ya riga ya jefa bidiyon daren da na kunna wa majalisa faifan waƙoƙin Tommy a guruf ɗinmu, bari ku ji yadda aka yi daga bakin mai abin, don shi wutsiyar kawai ya ɗauka.

Kun san musun da aka daɗe ana tafkawa a majalisa. Ni na ce faifai mai jigo guda daban yake da tarin waƙoƙi, ba a tsinto waƙa ɗaya daga cikinsa, daga farko ake ji har ƙarshe. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, minti 43, da bugun zuciya yake farawa kuma da shi yake rufewa. What's Going On na Marvin Gaye, 1971, waƙoƙi 9 suna shiga cikin juna, kallon Amurka da idon sojan da ya dawo daga Vietnam, kuma ƙanen Marvin ɗin ma ya je yaƙin. Sgt. Pepper na Beatles kuwa, har gobe ina kan bakana: dabarar da suka yi ta fitowa a matsayin wata ƙungiyar mawaƙa ta bogi a waƙoƙi biyun farko take sai maimaicin da ke kusa da ƙarshe, sauran kowa tashar kansa ya kama. A nan aka ce in daina cika baki in kawo wanda labari ne sosai, mai kai da gindi. Na ce Tommy, na ƙungiyar mawaƙan The Who, 1969. Waƙoƙi 24, faifai biyu, wajen minti 75. Kuma a garmaho za ku ji shi, ba a waya ba.

Kayan na Kawu ne, tun zamansa na karatu a Amurka, kuma ba wanda zai ce ban yi shiri ba. Na'urar ta wutar can ce mai bolt 110, na nemo taransifoma mai sauke wutarmu. Na kunna, muryar mawaƙin ta fito a daskare tana jan ƙafa. Baba mai gyaran rediyo ne ya gano dalili: motar da ke juya faifan irin mai bin bugun wuta ce, can 60 ne a daƙiƙa, nan 50, taransifoma kuma ƙarfin wuta kawai yake saukewa, ba ruwansa da bugu. Maimakon juyi 33 da sulusi a minti, faifan bai cika 28 ba. Sai da aka canja ɗan gargaren da ke kan motar zuwa mai ɗan kauri, aka sa sabon bel don tsohon ya narke ya zama danƙo. Nauyin allura muka daidaita a giram 2, ba irin ta'asar nan ta ɗora kwabo a kan hannun ba, wadda ke cinye layin faifai. Wayar garmahon kuma a ramin da aka rubuta Phono ake sa ta, in ka sa a na kaset sautin zai fito siriri ba gindi. Fayafayan na wanke su da ruwan batir da ɗigon sabulun wanke-wanke, ina bin zagayen layi da tsumma mai laushi. Don kada takardar tsakiya ta jiƙe, na kife mata murfin kwalba. Ku riƙe wannan murfin, za ku ga aikinsa.

Bayan isha'i aka hallara, aka kawo tsire, na sa fuskar farko. Ina tsaye ina fassara: Kyaftin Walker ya ɓace a yaƙin duniya na farko, an haifi ɗansa Tommy ba ya nan, ya dawo a 1921 ya tarar da wani a gidansa, aka yi kisa a gaban yaron, iyayen suka dage masa cewa bai gani ba, bai ji ba, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. Yaro ya zama makaho, kurma, bebe. Majalisa ta yi tsit. Har Malamin Turanci ya ajiye waya.

Fuska ta ƙare. Na gyara hula, na ce: "Jama'a, ku daure. Yanzu wahala za ta fara. Sai kun yi kusan minti 40 kuna jin azabar yaron nan kafin a ga haske." Na ɗaga faifan da tafin hannu biyu ta gefe-gefe yadda masana ke yi, na juya, na sauke allura a hankali.

Daƙiƙa 12. Muryar mai tallar jarida, yana shelar yaro ya warke.

Malam ya ce, "Mutumina, kamar fa cewa ya yi an samu lafiya."

Na ce, "Mafarki yake yi."

Ni na san faifan nan, amma a CD da waya na san shi, inda komai ke jere. Na ji a jikina ba nan ya kamata mu kasance ba, sai dai mutum yana tsaye gaban jama'a da hula a karkace, ina zai ja da baya? Waƙa ta gaba ta shigo, labarin yarinyar da ta sulale daga gida ta je taron da Tommy ke wa'azi har ta ji ciwo a fuska. Malam ya ce bebe ne ke wa'azi? Na ce mafarkin ne ya yi nisa. Ta gaba ta shigo, Tommy da kansa yana shelar ya samu 'yanci. A nan ne na buɗe wuta. Na ce wannan ai dabarar hangen gaba ce, sai mai zurfin nazari. Na ce Pete Townshend, wanda ya rubuta mafi yawan waƙoƙin, almajirin Meher Baba ne, wani malamin ruhi na Indiya (ba Babanmu na rediyo ba) wanda ya daina magana tun 1925 har ya rasu a 1969, saboda haka a wajensu lokaci ba a miƙe yake tafiya ba. Zancen malamin gaskiya ne, ku bincika. Inda na jingina shi ne dai Allah ya kyauta. Na ɗaga yatsa sama. A bidiyon za ku ga yatsan. Ya daɗe a sama.

Haka Tommy ya buɗe sansani, mabiya suka yi masa bore, kiɗa ya tashi ya sauka, allura ta shiga tsakiya tana ƙas-ƙas. Labari ya ƙare ƙurmus, ga faifai na biyu a kwali ko taɓa shi ba a yi ba. Wani daga baya ya ce, "To wancan na mene ne, gyara?"

Sai Baba ya miƙe. Ya laluba aljihu, ya ciro tabarau, ya goge da bakin riga, ya ɗora a hanci. Duk wannan a natse. Ya ce, "Ɗan nan, miƙo mini." Ya kai faifan ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya duba wannan fuska, ya juya ya duba waccan. Ya ce, "Ɗan nan, a makarantarku, bayan ɗaya nawa ke zuwa?"

Na ce, "Biyu, Baba."

Ya ce, "To nan huɗu aka rubuta."

Lambar na kan takardar tsakiya, wadda na kife wa murfin kwalba. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya tsaya ya yi wa majalisa darasi da faifan a hannunsa: an buga shi ne don garmaho mai sauke faifai da kansa, mai dogon tsinke a tsakiya. Faifai ɗaya na ɗauke da fuska ta 1 da ta 4, ɗayan ta 2 da ta 3. Ka jera su a tsinke, ta 1 ta faɗo ta gama, ta 2 ta faɗo a kanta, sai ka kife su gaba ɗaya, ta 3 ta zo, ta 4 ta biyo. Na ce, "Baba, tun yaushe kuka gane?" Ya ce tun da ya ga hannuna ya juya faifan. Na ce me ya sa ba ku tsayar da ni ba? Ya ce bayanin Ba'indiyen ne ya yi masa daɗi.

Baba dai na yafe masa, ko kuɗin bel bai karɓa ba. Mai bidiyon ne ba zan yafe wa ba. Ba a gayyace shi ba, surukinsa ya biyo. Lokacin da nake zancen lokaci ba a miƙe yake ba, wa ya fi kowa gyaɗa kai? Wa ya ce "wallahi akwai zurfi" har da dafa ƙirji? Amma Baba na cewa huɗu, shi ne farkon cewa ai shi tun ɗazu ya ji labarin bai haɗu ba. Wannan kuwa ya yanke shi daga bidiyon. Tsiren da aka sayo don kowa, shi ya zauna a bakin takardar. Sannan da wannan hannun, mai da ƙuli-ƙuli da yaji, ya ɗauki faifai na biyu ta tsakiyar layi yana tambaya wai a wace fuska ake ganin hoton. Shatin babban yatsansa na nan daidai kan waƙar da yaron ya zama gwanin wasan pinball (na buga 'yar ƙwallon ƙarfe a cikin na'ura), wato wadda kowa ya sani a faifan. Na wanke, har yanzu allura na ɗan tsalle a wurin. Mutumin da ko bashin kuɗin mai na bikin nan bai biya ba, kun san wanda nake nufi.

An dai sa fuska ta 2. Muna tsakiyar kiɗan nan na minti 10 da ba waƙa a ciki aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, motar ta bi bugunsa, jita na hawa da sauka yadda injin ya ga dama. Mutane suka fara tuna suna da sammako.

Mako mai zuwa The Wall na Pink Floyd ne, waƙoƙi 26, kuma nasa a jere suke, na duba takardun duka huɗu. Kowa ya zo da tsirensa. Wanda kuma ya tafi da wayar taransifomar, ta aro ce.