Tarabulus da kufan Labda: wa ya zaɓa wa baƙo abin da zai gani?

A ƙasar Hausa idan aka ambaci Libiya, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne hanyar Agadas, da motocin Hilux maƙare da samari, da labarin waɗanda teku ta ci. Ba kowa ya san cewa a wannan gaɓar tekun akwai kufan biranen da samun irinsu sai an tona ba. Masu yawon buɗe ido sun fara komawa kaɗan-kaɗan bayan shekarun yaƙi, kuma hanyarsu kusan ɗaya ce: a kwana a Tarabulus, babban birnin ƙasar, a zaga tsohon gari da gine-ginen da Italiyawa suka bari, washegari a kama hanyar gabas, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka, zuwa Labda, wadda Turawa ke kira Leptis Magna.

Tafiyar ta ci kuɗinta, ban da ja a kan wannan. Abin da nake ja a kai shi ne labarin da ake haɗa wa baƙo da ita, wai Rumawa sun zo sun gina, rairayi ya binne, sai jikokinsu Italiyawa suka dawo suka tono kayan gadonsu. Wannan labari ba duwatsun ne suka faɗe shi ba, masu mulkin mallaka ne suka tsara shi, kuma sun tsara shi da gangan.

Italiya ta afka wa Tarabulus a 1911, ta ƙwace ta daga hannun Daular Usmaniyya. Tun daga nan take neman hujjar zama, kuma kufai ne suka zama hujjar. A tsohon garin Tarabulus akwai wata ƙofar marmara da aka gina wa sarkin Rum Markus Aureliyus a ƙarni na 2. Ƙarnuka da dama gidaje da shagunan mutane na manne da ita, ita kanta an mai da ita shago da ma'aji. Italiyawa suka rushe abin da ke kewaye da ita don ta fito fili. Mai ziyara a yau zai ga ƙofa tsaye ita kaɗai, ya ɗauki hoto, ba zai ga unguwar da aka share ba. Haka aka yi a Sabrata, wani kufan birni yamma da Tarabulus, inda suka sake ɗora dandalin wasan kwaikwayo mai hawa uku daga duwatsun da suka zube, suka shirya wa Musolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, wasa a ciki lokacin ziyararsa ta 1937. A wannan ziyarar ce kuma ya hau doki a Tarabulus ya ɗaga takobi, aka ce shi ne mai kare Musulunci. Shekara shida ke nan kacal da gwamnatinsa ta rataye Umar Mukhtar, jagoran Libiyawa masu yaƙi da mulkin mallaka, a Suluƙ, a 1931, bayan ta tattara dubban makiyayan gabashin ƙasar ta tsare su a sansanoni, yunwa da cuta suka yi musu kisan kiyashi.

To, bari mu shiga Labda mu ga ko duwatsun sun yarda da labarin. Finikiyawa ne suka kafa garin, 'yan kasuwar teku daga gaɓar Lebanon ta yau, ɗaruruwan shekaru kafin Rumawa su san hanyar wurin, kuma sun tarar da 'yan ƙasa, kakannin Buzaye da sauran Barbarawa, suka cakuɗu da su. A saman ƙofar dandalin wasan kwaikwayon garin akwai rubutu da ya nuna wanda ya biya kuɗin ginin, wani attajiri ɗan gari mai suna Annobal Tapapius Rufus, a daidai farkon ƙarni na 1. An rubuta shi da Latin, sannan aka rubuta shi a ƙasa da harshen Finikiyawa, wanda da shi mutanen garin ke magana a gida da kasuwa. Shi dai wannan attajirin ne ya gina kasuwar garin shekaru kaɗan kafin nan.

Kasuwar ce wurin da ya kamata baƙo ya daɗe, ko da ɗan rakiya na gaggawar kai shi ga manyan ginshiƙai. Teburan dutse na 'yan tireda suna nan. Akwai wani dutse da aka fafe masa ramuka manya da ƙanana, kowanne da 'yar huda a ƙasa: a zuba hatsi ya cika, a buɗe hudar ya zuba a buhun mai saye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau ana gardama kan mudu zai gane amfaninsa ba sai an yi masa bayani ba. Kusa da shi akwai allon dutse da aka zana ma'aunin tsawo iri uku a kai, kamun Finikiyawa, da ƙafar Rumawa, da kamun Iskandariyya, don mai sayen yadi daga ko'ina ya zo kada a cuce shi. Garin 'yan kasuwa ne da ke hulɗa da kowa, ba barikin baƙi ba.

Hatta sarkin da ya ƙawata garin, Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, a Labda aka haife shi. Tsoffin marubutan Rumawa sun ruwaito cewa har ya tsufa harshensa bai rabu da karin mutanen Afirka ba, kuma da 'yar'uwarsa ta kai masa ziyara Rum, Latin ɗinta ya ba shi kunya har ya mai da ita gida. Wato ɗan Labda ne ya je ya mulki Rum. Musolini bai cika son a juya labarin ta wannan fuskar ba.

Za a ce ai ba don Italiyawa ba da har yanzu garin na ƙarƙashin rairayi. Gaskiya ne sun yi aikin tono mai yawa tun daga shekarun 1920, kuma cikin masanansu akwai ƙwararru na haƙiƙa. Sai dai rairayin nan da ake zargi shi ne ya adana garin. Abin da ya leƙo waje kuwa Turawa sun kwashi rabonsu a ciki. A ƙarshen ƙarni na 17 jakadan Faransa Claude Lemaire ya loda ginshiƙan marmara a jirage zuwa ƙasarsa, wasu suka ƙare a fadar sarakunan Faransa ta Versailles. Wajen 1816 mai mulkin Tarabulus Yusuf Ƙaramanli ya yi wa Ingila kyautar wasu, kuma suna nan a jere a gandun sarautar Windsor, an shirya su kamar kufai na gaske don masu shan iska.

Akwai kuma abin da labarin ya tsallake gaba ɗaya, shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu tsakanin zuwan Musulunci da zuwan Italiya. Masallacin Ahmad Fasha Ƙaramanli na shekarun 1730 da na Gurji na 1834 suna cikin tsohon garin Tarabulus, na Gurji ma 'yan taku kaɗan ne daga ƙofar Markus Aureliyus. A waɗannan lungunan ne fataken Gadamas ke sauke fatu da turkuɗi da gashin jimina daga Kano, da kuma bayi, wannan ma kada a ɓoye shi. Daga nan Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya taso a 1822 har ya iske Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, daga nan Barth, Bajamushe mai irin wannan yawo, ya taso a 1850 ya shiga Kano a shekarar da ta biyo. Bahaushen da ya je Tarabulus bai shiga waɗannan lungunan ba, ya bar ɓangaren da ya fi shafarsa.

UNESCO ta sa Labda da Sabrata cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, ta mai da su jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2016. A shekarun da gwamnati ta watse, mutanen yankin Khums, garin da ke maƙwabtaka da kufan, su ne suka riƙa gadin Labda da kansu, bisa sa kai, don kada ɓarayin kayan tarihi su shiga. Sabrata ba ta yi wannan sa'ar ba: a 2017 ƙungiyoyi masu makamai, ciki har da masu safarar baƙin haure zuwa Italiya, sun gwabza a garin, har harsasai suka taɓa dandalin da aka gyara wa Musolini.