Ku Bar Wa Lena Horne Launinta

Guntun bidiyon nan ya sake zagayowa, duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya gan shi. Samari biyu cikin kwat suna cashewa, suna tsallake juna a kan matakala, kowanne ya diro ƙafafu a ware kamar jikinsa ba ƙashi. Fayard da Harold Nicholas ke nan, a ƙarshen fim ɗin Amurka Stormy Weather na 1943, wanda mawaƙiya Lena Horne ta fito a ciki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wannan karon an shafa masa kala. Wani ya cusa shi cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira, ta rina tufafi yadda ta ga dama, fatar masu rawar tana yin haske tana yin duhu, sannan aka ce wai an gyara shi.

An gyara me? Ba rashin fasaha ya sa fim ɗin ya fito baƙi da fari ba. Tun 1939 aka kalli The Wizard of Oz da kalarsa raɗau. Kamfanin 20th Century Fox da ya yi Stormy Weather, a wannan shekarar ya fitar da Coney Island na Betty Grable, shi ma na rawa da waƙa, cikin Technicolor. Kuɗin kala na nan, sai dai a ganina ba a ga baƙaƙen 'yan wasa sun isa a kashe musu shi ba. Rashin kalar shaida ce, mai rinin kuwa shaidar yake gogewa.

Labarin fim ɗin bai taka kara ya karya ba, kowa ya sani. Bill Robinson soja ne da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya yana neman suna a gidajen rawa, ya kamu da son mawaƙiya, wato Lena Horne, ita kuma ta ƙi barin dandamali ta zauna a gida. (An haife shi a 1878, ita a 1917, amma aka ce mu ɗauke su a masoya. To, mun ɗauka.) Labarin dalili ne kawai na tara mawaƙa Cab Calloway da Fats Waller da 'yar rawa Katherine Dunham wuri guda. Waller ma a watan Disamba na shekarar ya rasu.

Amma a duba daga ina mutanen nan suka fito. Horne tana 'yar shekara 16 ta fara rawa a Cotton Club da ke Harlem, inda Calloway ya jagoranci makaɗa, inda 'yan Nicholas suka yi wasa tun suna yara. Gidan rawa ne a tsakiyar unguwar baƙaƙe, masu nishaɗantarwa baƙaƙe, amma kujerun na fararen fata ne. Da Horne ta shiga kamfanin finafinai na MGM, galibi a kan tsayar da ita ta rera waƙa ɗaya da ba ta haɗe da labari, domin a iya yanke wurin idan fim zai je jihohin kudu na ƙasar Amurka, inda wariyar launin fata ta fi tsanani. Kamfanin Max Factor har hoda ta musamman ya haɗa mata, aka raɗa wa hodar suna Light Egyptian. A 1951, rawar Julie da take so a Show Boat, ta mace mai ruwa biyu, aka bai wa farar fata Ava Gardner. Matar da masu kuɗi suka kwashe shekaru suna awon launin fatarta, yau ita aka miƙa wa na'ura ta cinka mata launi. Wannan rainin wayo ne, ko mai yin sa bai sani ba.

Za a ce matasa ba sa kallon baƙi da fari. Wanda tsallen 'yan Nicholas bai riƙe idonsa ba, jan labule ba zai riƙe shi ba.

Kuma ba yau aka fara wannan rigima ba. Lokacin da Ted Turner, attajiri mai gidajen talabijin, ya tasa tsofaffin finafinai a gaba da rini, daraktoci sun kai kuka har majalisar dokokin Amurka, a 1988 aka yi dokar da ta kafa kundin adana finafinai na ƙasa. Stormy Weather ya shiga kundin a 2001. Wancan karon attajiri ɗaya ne da ake iya nunawa da yatsa. Yanzu kowane mai waya Turner ne, burinsa dai a danna a kalla.

Ba ina wanke fim ɗin ba ne. Akwai inda aka sa Robinson rawa a kan ganguna cikin shigar da Hollywood ke ɗauka ta mutanen daji ce, duk ɗan Afirka da ya gani sai ransa ya sosu. Masu yankan bidiyo ba sa nuna nan, domin so suke a ce zamanin da ya fi daɗi. Kamfanonin sada zumunta su tilasta a riƙa rubuta cewa an taɓa hoton. Mu kuma mu nemi na ainihin, bai kai sa'a ɗaya da rabi ba.