Baffa Dogon Zance

Duk wanda ya san ni ya san ba na son kiran waya, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa wannan hali ba in ban da Baffa, wanda a ƙarshe shi ne ya tona ni a gaban mazan unguwa guda da safiyar sunan ɗan Yaya. Mako uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu idan na bi ta ƙofar masallaci na ji an yi tari, sai in ɗauka da ni ake.

Dalilina a fili yake. Idan waya ta yi ƙara, ji nake yi kamar an faɗo mini ɗaki ba sallama, alhali saƙo baƙo ne mai ladabi, wanda zai zo ya zauna a zaure ya jira har in gama abin da nake yi in fito. Ga kuma batun kuɗi. Tun daga 2003 da aka fara lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa a ƙasar nan, kowace "lafiya lau" da farashinta, kuma Baffa bai taɓa sayen katin da ya wuce na filashin ba. Zai latsa ya kashe, ni kuma in kira, sa'an nan ya fara: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya makaranta, yaya sanyi, yaya muka ji da kaka, ina labari. Idan ya kai ƙarshe sai ya ce madalla, ya numfasa, ya sake ɗaukowa daga iyali. Na taɓa duba agogo, minti huɗu cur muka yi kafin ya gaya mini cewa akuyar Gwaggo ta haihu. Kakanninmu da suke aika wasiƙa ta hannun direban mota sun fi mu dabara, domin da layi ɗaya suke sallamar wannan duka, su rubuta bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, su shiga magana. Ko da aka ƙara kuɗin saƙo daga naira 4 zuwa naira 6 a farkon 2025, na zauna na yi lissafi na ga har yanzu ni ke da riba.

A taƙaice dai, a makon da aka yi haihuwar, Baffa ya yi mini filashin kwana uku a jere, ni kuwa na duba na kife wayar. A rana ta uku sai na rubuta masa cewa wayata ta faɗa ruwa, sifikarta ta mutu, ba na ji kuma ba a ji na, saboda haka duk abin da ake ciki a turo saƙo. Na aika, na ji daɗin kaina, har na ƙara shayi.

Abin da na manta shi ne Baffa ba ya karanta boko. Ajami yake karantawa, kuma ya fi ni iya shi nesa ba kusa ba, amma duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya kai rumfar caji an karanta masa, kuma kun san wanda ke rumfar cajin. Yaron nan ni na koya masa karatu a aji huɗu. Ni na tsaya a kansa har ya daina juya b ta koma d, kuma da na san abin da zai yi da ilimin, da na bar shi ya ci gaba da juyawa. Ba ya karanta saƙo kamar yadda mutane suke karantawa. Sai ya rage ƙarar rediyo, ya jira masu jiran cajinsu su yi shiru, ya gyara murya kamar mai karanta labaran duniya, sa'an nan ya fara, yana tsayawa a inda ya ga dama yana duban fuskokin jama'a. Bara ma ya yi mini irin wannan. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka saka harafi mai lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku a kan magana ɗaya, shi ya sa nake rubutawa ba lanƙwasa kamar kowa. Na rubuta wa Baffa cewa zan zo da baƙi biyu cin tuwon sallah, yaron nan, wanda ya san sarai abin da nake nufi, ya karanta masa cewa zan zo da baki biyu. Baffa ya ce daman ya daɗe yana zargin haka. Wata shida ana kirana Mai Baki Biyu a rumfar, kuma duk da haka ban daina kai masa cajin wayata ba, saboda shi kaɗai ne mai sola a garin, kuma ko sau ɗaya bai taɓa rage mini ko naira goma ba.

Ranar suna, bayan sallar asuba, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa a gaba kusa da liman, mu kuma muka zauna daga baya. An raɗa suna, an yi addu'a, an shafa, ana cikin rabon goro da dabino, ni kuma na sunkuyar da kai ina lissafin ta inda zan sulale, sai na ji muryar Baffa daga tabarmar gaba. Da yake sunan kakanmu aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba.

"Mai sunan Malam, ashe wayarka ruwa ta faɗa? Sannu. Allah ya mayar da alheri."

Na ce amin, na ƙara da cewa ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Liman ya yi mini jaje. Wani dattijo ya ba da shawarar a binne ta cikin shinkafa kwana biyu, wani kuma ya ce gero ya fi, har aka ɗan yi musu a kan haka, ni kuwa ina ta gyaɗa kai da fuskar wanda aka yi wa rashi. Da a nan maganar ta tsaya, da na tashi da mutuncina har da ribar tausayi. Sai yaron nan, wanda ba a gayyace shi gaba ba, ba a kuma tambaye shi ba, ya ɗago kai daga inda yake rabon alawa ya ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ai jiya da magariba a wurinsa aka yi cajin wayar Malam, kuma ya ji ta tana ƙara lafiya lau, amma wataƙila da dare ta faɗa ruwan.

Wurin ya yi tsit. Baffa bai ce komai ba. Ya sa hannu cikin aljihun babbar rigarsa a hankali, ya wuce carbi, ya wuce goro, ya zaro ƙaramar wayarsa mai tocila wadda aka ɗaure da kyauro, ya nisanta ta daga fuskarsa kamar yadda yake yi, ya latsa. A cikin wannan ɗan lokaci na yi addu'o'in da ban taɓa yi da irin wannan ikhlasi ba. Garinmu fa wuri ne da sabis yake zuwa ya tafi yadda ya ga dama, inda mutum yakan hau jigawar bayan makaranta kafin ya samu sanda biyu, wani lokaci ma idan ka matsa wajen Maigatari layin Nijar ne zai kama ka. Na roƙi Allah ya ɗauke sabis ɗin na minti ɗaya kacal. A ranar kuwa, a wannan ƙofar gida da ba a taɓa samun sa ba sai an ɗaga hannu sama, sabis ya cika fal.

Wayar ta ɗauki ƙara daga aljihun gabana, da dukan ƙarfinta, domin na ƙure ta saboda ƙararrawar tashin asuba. Na dafe aljihun da tafin hannu kamar mai rantsuwa. Na yi tari. Na duba hagu na duba dama, wai ko za a ɗauka ta wani ce, amma na kusa da ni duk sun riga sun ja jikinsu sun bar ni a fili kamar kuka a tsakiyar gona. Na ce ai ƙarar tana fita, ji ne ba a yi. Yaron nan ya ce bari ya duba, ai aikinsa ne, kuma kafin in yi wani yunƙuri har ya tsallako mutum uku ya karɓe ta daga hannuna. Ya dubi fuskar wayar. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan sunan, na kuma ga lokacin da ya yanke shawara. Ya gyara murya irin gyaran nan nasa.

"An rubuta, Baffa Dogon Zance."

Ban san wanda ya fara dariya ba, amma na san liman ya rufe bakinsa da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Yaya, wanda ranar farin cikinsa ce, ya tashi ya shige gida wai zai duba ragon suna. Maroƙin da aka ɗauko, wanda tun da ya sanar da sunan jariri bai samu abin yi ba, sai ya miƙe ya ɗaga murya ya maimaita wa na nesa, har da jan wasalin ƙarshe, don kada wani ya koma gida bai ji ba. Daga cikin gida na ji mata sun yi shiru, sa'an nan na ji an kwashe.

Baffa shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya kashe kiran, ya ce a miƙa mini wayata, sa'an nan ya ce tun da dai ana shakkar lafiyarta, gara a gwada a gaban shaidu, kuma shi ba shi da kati, saboda haka ni zan kira. Tsakanina da shi bai fi taku shida ba. Na kira. Ya bar ta ta yi ƙara har sau uku yana dubanta kamar bai san mai kiran ba, sa'an nan ya ɗauka ya kara a kunne, ya juya mini ƙeya.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Na ce ni ne, Baffa. Ya ce to madalla, ina kwana. Na ce lafiya lau. Ya ce ina gajiya. Na ce ba gajiya. Ya tambayi iyali, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wadda take zaune a cinyarsa a lokacin tana cin dabino. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina jin kowace tambaya sau biyu, ta farko daga bakinsa ta iska, ta biyu daga cikin wayar bayan ɗan jinkiri, ni kuma ban san wadda zan amsa ba, sai na riƙa amsa duka biyun. Yaron nan ya ce a sa a sifika don jama'a su tabbatar, na sa, muryar Baffa ta fito tangaran daga sifikar da na ce ta mutu. Ya tambayi makaranta. Ya tambayi sanyi. Ya tambaye ni yaya muka ji da hidimar suna, ya ce ya so ya gan ni a wurin. Sa'an nan ya ce yaya mai jiki, na ce wane mai jiki, ya ce wayar. Na ce da sauƙi. Jama'a suka amsa da Allah ya ƙara sauƙi, baki ɗaya, kamar an shirya.

Da ya kai ƙarshe ya ce madalla, ya numfasa, na san abin da ke tafe, ya kuwa sake ɗaukowa daga iyali. Muna cikin zagaye na biyu, daidai kan yaya sanyi, sai muryar matar nan ta kamfani ta shigo ta sanar da duk wanda ke wurin cewa kuɗina ya kusa ƙarewa. Ba a yi minti ɗaya ba layin ya yanke. Baffa ya dubi wayarsa, ya girgiza ta, ya ce wa liman lalle akwai sauran ruwa a cikinta.

Sai da rana, bayan an ci abinci an watse, na same shi a zaure na durƙusa na ba shi haƙuri, na kuma tambaye shi abin da ya sa yake nemana kwana uku. Ya yi shiru yana tunani, ya ce da farko dai yana so ne in tambayar masa farashin buhun riɗi idan zan shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma Alhamis ɗin ta wuce, ya riga ya sayar wa wani a gida, kuma an kwashe shi da arha, wanda a ganinsa laifina ne. Game da sunan kuwa, ya ce kada in canza, domin shi bai ga ƙarya a ciki ba. Na canza duk da haka, na mayar da shi Baffa kawai, amma da na karɓo wayar daga caji washegari sai na tarar an mayar da tsohon sunan, har an gyara mini babban harafin da na manta.

Yanzu ina kai cajina ƙauyen gaba a kan keke, tafiyar kusan rabin awa, wurin wani mai janareta da ba ya karatu. Baffa kuma wani jikansa ya nuna masa yadda ake aika saƙon murya a WhatsApp da wayar uwarsa, shekaranjiya ya turo mini guda na minti bakwai. Na saurari huɗun farko, yana kan yara tukuna, sai batirina ya mutu.