Ba Sanyi Ne Ya Yi Ƙarya Ba, Sandar Ce Ba Ta Sanyi Ba

Wannan bidiyon da kuke ta yaɗawa ya ɓata mini rai. Mutum ya tsoma sandar Terfenol-D, wani gamin ƙarafa da ke ƙara tsawo idan an sa masa maganaɗisu, a ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, ya kunna maganaɗisu, ya ga miƙewarta ta ragu, sai ya yanke hukunci wai masana sun yi ƙarya da suka ce tabiyom da disforosiyom, ƙarafa biyu da ke cikin sandar, sun fi miƙewa a tsananin sanyi. Haba jama'a!

Terfenol-D ba ta sanyi ba ce. A shekarun 1970 aka haɗa ta a ɗakin binciken sojin ruwan Amurka, kashi 3 na tabiyom, 7 na disforosiyom, da baƙin ƙarfe, don ta yi aiki a zafin ɗaki. Kowane ɗaya cikin tabiyom da disforosiyom yana jan maganaɗisun zuwa nasa ɓangaren, a wannan awon sai jansu ya soke juna. Da zarar sanyi ya yi ƙasa sosai, disforosiyom ya rinjaya, alƙiblar da maganaɗisun ke kwanciya ta sauya, sandar ta yi gardama. To me ake tsammani?

Wai ai sinadaran ɗaya ne. Tabiyom da disforosiyom ɗin ɗaya ne, amma awon ba ɗaya ba ne. A Kelvin 77, wato ma'aunin sanyin ruwan naitirojin, gamin tabiyom kashi 6 da disforosiyom kashi 4 ake nema, babu baƙin ƙarfe a ciki. Sandar santimita 10 ta wannan gamin tana iya ƙara kusan milimita 0.6, ita kuwa Terfenol-D a zafin ɗaki da ƙyar take wuce milimita 0.15. Fito da wannan gamin na sanyi zuwa zafin ɗaki, ba zai motsa ba, domin tabiyom yana rasa maganaɗisunsa a sama da Kelvin 220.

Kuma ban ga mai bidiyon ya matse sandar ba. Sai an danne ta da sifirin tukuna, a lissafa yadda kwanson da ke riƙe da ita zai tsuke a sanyi, in ba haka ba matsin ya canza, awon ya lalace. Ga ta da saurin karyewa idan aka ja ta. Wayar tagullar da ke ba da maganaɗisun ma tana zafi, tana tafasa ruwan naitirojin a jikin sandar.

Abin da ya fi ciwo shi ne ɓarnar sandar. Tun watan Afrilun 2025 China ta sa sharaɗin lasisi kafin a fitar da tabiyom da disforosiyom daga ƙasarta, ga ɗalibai da yawa ko ganinsu ba su taɓa yi ba.