Fim ɗin silima ba irin na filashi ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka silimar zamani gidan kallo ce mai babban allo, wato a saka filashi a kwamfuta, a haɗa da majigi, shi ke nan. Abin ya wuce haka.

Fim yana isa silima ne a wani ƙunshi da ake kira DCP, a kan hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta) ko ta intanet, kuma sau da yawa girmansa kan haura gigabait 100. Kowane hoto a cikinsa ajiye yake cikakke shi kaɗai, yawanci guda 24 a kowace daƙiƙa, saɓanin bidiyon waya da ake matsewa sosai har ya rasa bayanai da yawa. A finafinan ƙagen kimiyya bambancin ya fi fitowa. Duba baƙin sararin samaniya a kwafin waya, za ka ga ya yi dabbare-dabbare kamar tabon danshi a bango. A silima kuwa duhun sumul yake, taurari ƙanana suna nan daram.

Abin da ya fi burge ni shi ne kullen. Manyan finafinai a kulle suke zuwa, sai an aiko da mabuɗi na daban, wanda ke aiki a na'ura ɗaya tak, daga rana kaza zuwa rana kaza. Ko an kwafi ƙunshin, ba zai buɗu a wata na'urar ba.

Fim ɗin Avatar na 2009 yana cikin abubuwan da suka hanzarta sauyawar silimu daga tsohon zaren fim zuwa wannan tsari na dijital, domin nuna shi da tabarau na 3D ya sa silimu da dama sayen majigin dijital.